Ranar da Kalkuleta Ta Zana wa Malam Garba Ƙwai

Jiya a ɗakin malamai ɗaya daga cikinku, ku da aka turo mana koyon koyarwa, ya miƙo min wayarsa yana murmushi. Ya danna nan, ya danna can, sai ga da'ira ta fito tsaf har da launi. Ya ce ai yanzu koyar da lissafi ya zama wasan yara, waya ce ke aikin, malami tsayuwa kawai yake yi. Ban ji haushi ba, don ni ma da ƙuruciyata na yi irin wannan tunanin, har na aikata abin da ya fi maganar muni. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina shaƙar garin alli. Ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wata da'ira da ta kusa raba wani dattijo da ajinsa, kuma da sa hannuna a ciki.

An fara tura ni aiki wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Roni, can tsakanin duwatsu. Kullum da safe nakan taso daga Kazaure a kan babur, in isa kafin a buga ƙararrawa, wadda ba komai ba ce illa tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin darbejiya. A nan na tarar da Malam Garba, mutumin Kanya Babba. Gajere ne, mai kaurin yatsu, ga tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. Shi ke riƙe da lissafin ajin ƙarshe tun kafin in shiga firamare. Na zo da takardar shaidata a jaka, kaina ya kumbura, ina jira a ba ni aji in nuna musu abin da aka koyo a kwaleji. Sai ya zaro wata igiya daga aljihun kaftaninsa ya ce in zana masa da'ira a allo.

Na ɗauka abin wasa ne. Na danne bakin igiyar da babban yatsa, na ɗaura alli a ɗaya bakin, na zaga. Da na zo ƙasa hannuna ya harɗe, yatsan ya zame, ƙarshen layin ya wuce farkonsa da kusan taƙi guda. Malam Garba ya leƙa ta saman tabarau ya ce wannan ai katantanwa ce, in goge in sake. Mako biyu na yi ina zana da'ira bayan an tashi, kafin ya yarda in buɗe baki a gaban yara. A wajensa na koyi cewa igiyar auduga ake nema, don ta roba miƙewa take yi ta yaudare ka. Ana farawa daga ƙasa ta hagu, a bi sama, don hannun alli ya wuce ta ƙarƙashin hannun da ya danne ba tare da an saki ba. Jikinka kuma ba ya motsi, kafaɗa ce ke juyawa. Shi idan ya zana, ko ka sa ido ba za ka gane inda ya fara ba.

Kayan aikinmu ke nan a lokacin: igiya, alli, da allon siminti. Allon ma mu ke yi masa baƙi. Ranar Alhamis mukan fasa tsofaffin batura mu daka baƙin cikinsu, mu kwaɓa da ruwan ƙaro, mu shafe allon da tsumma. Alli kuwa sai an karya shi uku kafin a shiga aji, da damina kuma a shanya shi a taga don idan ya sha sanyi ba ya kamawa. Duk wannan Malam Garba ya nuna min da hannunsa, har da abin da ban tambaya ba: yadda za ka tsaya a gefe kada inuwarka ta rufe wa na baya, da yadda za ka gane yaron da ke gyaɗa kai alhali bai fahimci komai ba.

Kada ku ɗauka yara kaɗai ne masu zuwa wajen malamin lissafi a ƙauye. Wata rana wani makiyayi daga wajen Gwiwa, mahaifin wata ɗalibarmu mai suna Safiya, ya zo har makaranta da sandarsa. Ya sari ƙaya zai yi wa shanunsa shinge, ƙayar kuma ba ta da yawa, yana so ya san yadda zai kewaye ta ɗauki shanu mafi yawa. Da ni ne, da na fara rubuta masa lambobi a takarda. Malam Garba ya ƙulla bakin igiyarsa biyu ya ajiye a ƙasa, ya yi mata kusurwa huɗu, ya sa aka cika cikinta da tsakuwa. Sannan ya buɗe ta ta zama da'ira, sai ga sauran fili a gefe har an ƙara tsakuwa. Mutumin ya daɗe yana kallo, ya ce dama haka kakanninsa ke yi, yau dai ya ga dalili. Bayan kwana biyu sai ga ƙwaryar nono an aiko.

Da'ira a jinin Malam Garba take, don mahaifinsa mai haƙar rijiya ne. Turke da igiya ya fara riƙewa kafin alli. Yakan ba ni labari yana dariya cewa masu haƙa na da ba sa koya wa yaro komai da komai, sai sun riƙe abu ɗaya a hannu don kada yaron ya ga ya ƙoshi ya tafi. Abin da mahaifinsa ya riƙe shi ne yadda ake sa rijiya ta sauka a zagaye tun daga baki har ruwa, ba ta karkace ba, ba ta tsuke ba. Duk sanda ya tambaya sai tsohon ya ce sai ya ƙara girma. Da ya girma aka sa shi makaranta, kafin ya gama tsohon ya rasu da abinsa. Malam Garba yakan ƙare labarin da cewa shi ya sa shi aljihunsa a huje yake, duk abin da ya sani zubewa yake yi.

Idan aka tambaye ni shekarar da ta fi muni a aikina, mutane kan zaci zan ce shekarar da iska ta yaye mana rufin ajujuwa uku muka koma gindin bishiya. Wannan wahala ce kawai, ta wuce. Muguwar shekarata ita ce shekarar da aka kawo mana kalkuleta.

Guda shida aka kawo cikin kwali, irin manyan nan masu gilashi kamar tafin hannun yaro, waɗanda kan zana maka hoton lissafin da ka rubuta musu. Tare da su akwai takarda daga ofishin shiyya. Takardar ta ce duk makarantar da aka bai wa, dole malamin ajin ƙarshe ya iya koyarwa da su, kuma ƙarshen zango za a turo jami'i ya zauna a aji ya gani. Wanda ya kasa, a ba wani ajin, shi kuma a mayar da shi ofis. Saura shekara biyu Malam Garba ya yi ritaya. Kowa ya san abin da ofis ke nufi ga mutum irinsa: tebur, da kujera, da jiran la'asar. Kowa kuma ya san wanda za a ba ajin idan ya faɗi, don mu biyu ne kaɗai malaman lissafi a makarantar. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce tunda ni ne mai sabon ido, in karanci littafin da ya zo da su in koya wa Malam.

Na ji daɗin wannan umarni fiye da yadda ya kamata. Bayan an tashi mukan zauna a benci a gindin darbejiya, ni ne malami, shi ne ɗalibi. Yatsansa ɗaya yakan danne maɓalli biyu, sai ya cire murfin biro yana dannawa da shi. Yakan kai gilashin har kan hancinsa. Da na gaya masa kalkuleta ba ta iya zana da'ira a karo ɗaya, sai ya ajiye ta ya dube ni. Na yi masa bayani cewa ita ga kowace x amsa ɗaya tak take bayarwa, da'ira kuwa ga kowace x akwai y a sama akwai y a ƙasa. Don haka idan kana son da'irar da ke da taku biyar daga cibiya, sai ka raba ta biyu. A layin farko ka ce ta cire x sau x daga ashirin da biyar, ta nemo tushen abin da ya rage, wato lambar da in ta ninka kanta za ta ba da shi. Wannan ne rabin sama. A layi na biyu ka maimaita, ka sa alamar ragi a gaba, shi ne rabin ƙasa. Ya ce to, ashe ƙwarya biyu ce ake kifa ɗaya a kan ɗaya. Daga ranar sunan da muke kiransu ke nan, ƙwaryar sama da ƙwaryar ƙasa.

Lissafin bai ba shi wahala ba ko kaɗan, maɓallan ne abokan gabarsa. Amma cikin wata guda ya iya rubuta layukan biyu ba kuskure, ya danna, da'ira ta fito zagayayya, bakinta a haɗe. Yakan yi murna kamar wanda akuyarsa ta haifi tagwaye. Abin da bai sani ba shi ne ba haka kawai take fitowa ba.

Akwai wani shafi a cikin kalkuletar inda ake gaya mata iyakar filin da za ta nuna: hagu, dama, ƙasa, sama. Yadda ta zo daga kamfani, goma ne kowane ɓangare. Gilashin kuwa faɗinsa ya fi tsayinsa, don haka idan aka bar ta a haka da'ira takan fito a baje, ga kuma giɓi hagu da dama inda ƙwaryoyin biyu suka kasa haɗuwa. Na sha fama kafin na gano lambobin da ke gyara abin gaba ɗaya: tara da ɗigo huɗu hagu da dama, shida da ɗigo biyu sama da ƙasa. Waɗannan lambobin ne na riƙe. Kullum kafin in miƙa masa kalkuleta nakan ɗan juya baya kamar mai duba batir, in tabbatar suna nan. Na gaya wa kaina wai kada in cika wa tsoho kai da abubuwa da yawa. Gaskiyar magana ita ce daɗi nake ji akwai abu ɗaya a duniya da na sani Malam Garba bai sani ba, kuma a can ƙasan zuciyata ajin ƙarshe yana min ƙyalli. Ban shirya kayar da shi ba. Ban dai so ya tsaya ba tare da ni ba.

Ana gobe jami'ar shiyya za ta zo na saita duka shidan da hannuna, na mayar da su kwali, na kai sito. Makullin sito yana hannun masinjanmu, Baba Ilu, mutumin kirki da ke ƙaunar Malam Garba kamar ɗan'uwa. Baba Ilu ya san abin da duk mai rediyo a ƙauye ya sani, cewa batir idan ya sha rana yakan farfaɗo. Da sassafe, don kada kayan su ba Malam kunya a gaban baƙi, ya zare baturan gaba ɗaya ya jera su a kan kwanon sito, ya zauna yana gadinsu kada kaji su ture. Da rana ta yi musu yadda yake so ya mayar da kowanne mazauninsa, ya goge gilasan da gefen rigarsa. Ƙaramin batirin da ke riƙe musu tunani ya daɗe da mutuwa, ban lura ba. Duk abin da na saita ya goge, suka koma goma-goma kamar ranar da aka buɗe kwali.

Jami'ar da aka turo sunanta Hajiya Talatu, dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ita ma tsohuwar malamar lissafi. Ta zauna a bayan aji da littafinta, shugaban makaranta a gefenta, ni kuma ina tsaye jikin taga. Aka raba yara gida biyar, kowane gida da kalkuleta ɗaya, ta shidan tana hannun Malam. Malam Garba ya rubuta layukan biyu a allo, yara suka kwafa, shi ma ya danna tasa da murfin biro. Ya ce kowa ya danna na zane.

Daga inda nake na hango gilashin gidan da ke kusa da ni, na gane lambobina sun goge. Sai Safiya, 'yar makiyayin nan, wadda ba ta iya ɓoye abin da ta gani, ta ɗaga hannu.

"Malam, tamu ƙwai ta yi. Kuma ƙwan a fashe yake ta gefe biyu."

Dariya ta ɓarke, sauran gidajen suka ce su ma haka. Shugaban makaranta ya juyo ya harare ni. Hajiya Talatu ta buɗe littafinta ta cire murfin biro. Malam Garba ya kai gilashin kan hancinsa ya daɗe yana kallo. Taku biyar ne tsakanina da shi, kuma na san maganin abin, amma ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Da ya ɗago sai ya ce wa Safiya ta ƙirga 'yan zanen da ke kan layin kwance daga cibiya zuwa gefen ƙwan. Ta ce biyar. Ya ce ta ƙirga na layin tsaye zuwa sama. Ta ce biyar. Ya ce to ashe ƙirgar kalkuleta daidai take, sai a nemi ɓarawon a wani wuri. Ya aika aka karyo tsinken tsintsiya, kowane gida ya auna biyar ɗin kwance da biyar ɗin tsaye a kan gilashi. Na kwance ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Sai ya ce kowa ya fito waje, har da baƙuwa in ta ga dama.

A filin makaranta ya kafa ƙusa a ƙasa. Ya kira yaron da ya fi kowa tsawo a ajin, wani zanƙalele da ake wa laƙabi da Dogo, ya ce ya yi taku biyar gabas ya sa dutse, ya dawo ya yi biyar yamma. Ya kira Safiya, wadda ita ce ƙaramar ajin, ta yi taku biyar kudu da biyar arewa. Sannan ya ja layi da sanda ya haɗa duwatsun huɗu, sai ga ƙwan kalkuleta kwance a ƙasa, ƙato. Yara suka ɗauki sowa. Ya ce kowannensu biyar ya taka, babu wanda ya yi ƙarya, ƙafa ce ba ɗaya ba. Ita ma kalkuleta da ƙafar Dogo take tafiya kwance, da ƙafar Safiya take hawa sama. Daga nan ya zaro igiyarsa ya ɗaura a ƙusar, ya zaga da'ira ta gaske a kan ƙwan, don su ga abin da ake nufi da nisa ɗaya ta kowace fuska.

Saura giɓin. Da aka koma aji ya ce su sa biyar da ɗigo ɗaya a madadin x su ga abin da za ta ce. Duka shidan suka ƙi ba da amsa. Ya nuna musu a allo cewa da zarar x ta wuce biyar, abin da ake cirewa ya fi ashirin da biyar, babu sauran abin da za a nemi tushensa. Kalkuleta kuma tsalle-tsalle take yi daga hagu zuwa dama, ba ja take yi kamar alli ba. Tsallenta ɗaya ya sauka kafin biyar, na gaba ya sauka bayan biyar, ba ta taka biyar ɗin kanta ba, wurin da ƙwaryoyin ke haɗuwa.

"Inda ba ta sani ba ta yi shiru," in ji shi. "Wannan ba laifi ba ne."

Bai dubi taga ba da ya faɗi haka, amma ni na ji kamar da ni yake.

Hajiya Talatu ta daina rubutu tun muna waje. Sai dai takardar ofis ba darasi mai daɗi ta tambaya ba, iya aiki da na'ura ta tambaya, ita kuma mace ce mai bin ƙa'ida. Ta ce cikin ladabi, Malam ya nuna wa yara ciwon, to ko zai gyara ta ta zana da'irar sosai? Malam Garba ya juya kalkuletar a hannunsa.

"Hajiya, na san abin da ya kamata a gaya mata. Amma ban san ƙofar da ake shiga a gaya mata ba."

Ta sunkuyar da kai ta ɗora biro a kan takarda. Na san abin da za ta rubuta, na kuma san da na ƙara minti ɗaya a jikin tagar nan ajin ƙarshe ya zama nawa. Kunya ce ta ture ni, ba jarumta ba. Na ji muryata tana cewa, "Hajiya, a gafarce ni. Ni aka sa in koya masa, kuma ban taɓa nuna masa wannan shafin ba. Laifina ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. Sannan ta ce in nuna masa ƙofar kawai, kada in faɗi lamba ko ɗaya. Na je na nuna masa maɓallin da yatsa, na koma gefe. Ya ɗauki tsinken tsintsiya ya auna faɗin gilashin da tsayinsa, ya ce uku ne da biyu. Ya bar sama da ƙasa a goma, ya mayar da hagu da dama sha biyar, yana dannawa da murfin biro a hankali, yara sun yi masa rumfa. Ya danna na zane. Da'ira ta fito zagayayya kamar faifai, da ɗan giɓinta kaɗan a gefe. Ya ce wa yara wannan giɓin sun riga sun san dalilinsa, aikin gida shi ne kowa ya zo da shawarar yadda za a sa ta taka biyar. Hajiya Talatu ta rufe littafinta, ta roƙe shi aron igiyar ta jujjuya ta a hannu, ta ce rabonta da ganin irinta tun tana ɗaliba.

Bayan motarsu ta tafi, Baba Ilu ya zo yana washe baki yana ba da labarin yadda ya shanya batura, yana jiran yabo. Malam Garba ya yi masa godiya sosai, ya ce aikinsa ya yi amfani fiye da yadda yake zato. Ni na kasa tafiya gida. Na same shi a bencinmu na gindin darbejiya yana naɗe igiya a yatsunsa. Na durƙusa na fara kame-kame, ya ɗaga min hannu.

"Nasiru, idona ne ba ya ganin ƙananan rubutu. Bayan mutum kuwa ina ganinsa sarai. Tun makon farko nake ganin kana juya min shi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Na gaji da tambaya tun a bakin rijiya," in ji shi. "Na ce bari in ga ko wannan zai kawo da kansa. Ka kawo, ko da yake ka bari sai da rana ta take. Zauna ka ba ni lambobin."

Na faɗa masa, ya rubuta su a bangon littafinsa da manyan baƙaƙe. Ya tambayi dalilin tara da ɗigo huɗu, na ce da lalube na samo su. Ya yi tsaki, ya sa na ƙirga ɗigogin da ke jere a faɗin gilashin, muka raba, sai ga shi kowane tsalle ya zama sifili da ɗigo biyu cif, wanda dole ya sauka a kan biyar. Ashe sirrin da nake ta ɓoyo ni kaina ban san cikinsa ba, sai da ya buɗe min shi. Washegari ya rubuta lambobin a saman allo inda kowa zai gani, ya ce kada wanda ya goge.

Takarda ta zo bayan mako uku, an bar masa ajinsa. Ya yi shekara biyunsa cif, kuma duk shekara da gangan yakan mayar da kalkuletocin goma-goma kafin darasin da'ira, don yara su fara ganin ƙwai su fita fili su taka. Ni ma haka nake yi har yau, ko da waya ce a hannunsu, sai na ja hoton na baje shi na tambaye su wa ya yi ƙarya. Ranar da ya yi sallama da makaranta ya ba ni ajin ƙarshe, ya ba ni igiyar. Safiya yanzu ita ke koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, an ce ita ma da tsinken tsintsiya take shiga aji.

Malam Garba yana nan da ransa a Kanya Babba. Idon ya tafi kusan gaba ɗaya, yana zaune a zaure jikoki na karanta masa jarida. Nakan je gaishe shi lokaci-lokaci, kuma bayan an gama gaisuwa da tambayar iyali, tambayarsa ɗaya ce ba ta canzawa. Yakan laluba ya kama hannuna ya ce, "To Nasiru, bana wa ka juya wa baya?"

Ranar Asabar zan je, ina kuma so in amsa masa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Don haka ku ajiye wayoyin nan ku fito da takarda. Tara da ɗigo huɗu hagu da dama, shida da ɗigo biyu sama da ƙasa, dalilin kuma yanzu zan nuna muku a allo. In mun gama, kai mai wayar jiya, zo ka karɓi igiyar nan ka zana mana da'ira.